Tambaya da Amsa: Hayaƙin ƙona daji yana kwantar mana da yara, mutane sun ce hazo ne kawai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a jihar Bauchi. Duk shekara da an gama girbi sai a fara cinna wa daji wuta, mafarauta na neman gafiya da zomo, manoma na ƙona kara, hayaƙi ya lulluɓe gari kwana da kwanaki. Yara masu asma sai kawo mana su ake yi numfashi na fita da ƙyar. In na yi magana sai a ce ai hazo ne, tun kaka da kakanni ake shaƙa. Dan Allah ya zan yi su ji?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri da wannan damuwa da kika yi da yaran mutane.

Kar ki fara da musu a kan hazo, ba za ki ci riba ba, tunda da gaske lokacin hunturu ne kuma ƙurar tana nan. Ki ce musu eh akwai hazo, amma hazo ba ya ƙaurin ƙuna, ba ya barin toka a bakin randa. Abin da ke illa a hayaƙi wasu ƙananan ɓurɓushi ne da masana ke kira PM2.5, silin gashin kai ya fi su kauri wajen sau 30, shi ya sa hanci ba ya iya tare su, suna wucewa can cikin huhu wasu ma har jini. Masu asma, jarirai, tsofaffi, masu juna biyu da masu ciwon zuciya su suka fi jin jiki.

Kuma ki sani ba ƙauyenku kaɗai ba ne ake fama da isar da wannan saƙo. Ranar 7 ga Yunin 2023 hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rufe birnin New York na Amurka har sama ta koma ruwan goro, awon gurɓatar iska ya haura maki 400, wato matakin haɗari sosai, gwamnatin jihar ta ce za ta raba takunkumin N95, wato mai tace ƙananan ɓurɓushi, guda miliyan 1, amma duk da wayoyinsu da talabijin mutane da yawa sun koka cewa gargaɗin ya zo a makare. To ina ga inda ba na'urar awo ko ɗaya.

Ni a ganina matsalar ba kalamanki ba ne, bakin da ya faɗa ne da lokacin da aka faɗa. Uwar da ta kawo yaro yana shiɗewa ba ta da hankalin sauraron bayani, kuma ba ita ta kunna wutar ba. Tun kafin a gama girbi ki je wajen mai gari da liman da sarkin noma da shugaban mafarauta, ki roƙi liman ya taɓo maganar ranar Juma'a, ungozoma ta kai ta gidan suna, mai shela ya zaga ranar kasuwa, a yi gajeren saƙon murya a tura WhatsApp saboda waɗanda ba sa karatu. Kuma kar ki ce a daina ƙona daji gaba ɗaya a rana guda, za su ce kin shiga abincinsu. Ki nemi abin da zai yiwu: a sanar kwana ɗaya kafin a sa wuta, a duba inda iska ta dosa, kar a kunna kusa da makaranta ko asibiti, a yi shara a kewaye wurin don kar ta tsallaka.

Saƙon ya zama abin da mutum zai aikata. Hayaƙi ya fi kwantawa ƙasa da dare zuwa asuba saboda sanyi yana danne shi, kinga daidai lokacin da ake tura yara makarantar allo da ɗebo ruwa kenan, to ranar hayaƙi a jinkirta har rana ta ɗaga. Mai inhela, wato maganin asma na shaƙawa, ya ajiye ta kusa. Jiƙa ƙyalle a rufe hanci ko takunkumin yadi ba sa tare wannan ɓurɓushin sosai, N95 ne ke yi in ya zauna daram a fuska, kuma ba a sa wa jariri takunkumi.

Ga wani abu da nake so ki riƙe da kyau dan girman Allah. In kika ce a rufe ƙofa da taga, dole ki haɗa da cewa kar a shiga da kaskon gawayi ɗaki don jin ɗumi, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci.

Sannan ki koya wa iyaye mata alamun da ba a jira da su: haƙarƙarin yaro na lotsawa in ya ja numfashi, leɓensa ya canza launi, ya kasa shan nono ko ya kasa ƙarasa magana. In sun ga ɗaya daga ciki su taho asibiti ko da tsakar dare ne. Ki riƙa rubuta adadin masu tari da asma da ake kawowa a ranakun hayaƙi da sauran ranaku, wannan takardar ki ajiye gaban mai gari in za ku zauna baɗi.