Megabait nawa ne zai ishi Windows 3.1?

Malam, ka tambaya ko megabait 2 na RAM (ma'adanar da kwamfuta ke aiki da ita yayin da take kunne) zai ishi tsohuwar kwamfutarka mai furosesa 386 ta riƙe manhajoji uku a lokaci guda a kan Windows 3.1. Za ta tashi, amma da zarar ma'adanar ta cika, Windows zai riƙa kwashe bayanai zuwa faifai yana dawo da su, kuma wannan kai-komon ne ke sa na'urar tafiyar hawainiya. A ganina megabait 4 ne mafi ƙaranci, 8 kuwa hankali kwance.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne iyakar kilobait 640 ta DOS (tsarin da Windows 3.1 ke tafiya a kansa), wadda ƙarin RAM ba ya ɗage ta. Tun daga MS-DOS 5.0 na 1991 ana iya loda HIMEM.SYS da EMM386.EXE (direbobi, wato ƙananan manhajoji, masu sarrafa ma'adana) a cikin CONFIG.SYS (fayil ɗin saiti da DOS ke karantawa idan an kunna kwamfuta), a rubuta DOS=HIGH,UMB, domin DOS da direbobi su koma ma'adanar da ke sama da kilobait 640 ɗin su bar wa manhajoji fili. Idan kana da MS-DOS 6, manhajar MemMaker da ke cikinsa za ta yi maka wannan aikin. Sannan ka tattara faifan da DEFRAG (manhajar MS-DOS 6 mai haɗa gutsattsarin fayiloli wuri guda) kafin ka kafa fayil ɗin musanya (inda Windows ke kwashe bayanai idan ma'adanar ta cika) na dindindin, domin ya fi na wucin gadi sauri.