Ban gamsu da mai ba ni shawara ba, in daina zuwa kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. 'Yan watanni ke nan ina zuwa wajen wani masanin halayyar ɗan'adam saboda ciwon damuwa, amma ban ga canji ba. Da na fara magana sai ya yi shiru yana ta rubutu, ni kuwa mafita nake nema. Ina jin nauyin faɗa masa. In daina zuwa kawai? (Wata mai karatu, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki janye tukuna. Ki sake zuwa, ki faɗa masa abin da kika rubuto min.

Na san kara ce ke ɗaure miki baki. Mun taso ba a duban mai ilimi a ce masa "ban gamsu ba", sai dai a yi ta ɗaga ranar zuwa har magana ta shiririce. To amma wannan jinyar ba allura ba ce da za ta yi aiki ko kin yi shiru. Magana ce maganin, kuma rashin gamsuwar da kike ɓoyewa na cikin abin da yake buƙatar ji.

Tun 1979 wani masani a Amurka, Edward Bordin, ya bayyana cewa irin wannan zama na tsayawa ne kan abu uku: ku yarda da inda aka dosa, ku yarda da hanyar da za a bi, sannan aminci ya shiga tsakaninku. Ina ganin naku ya gurgunce ne a na biyun. Wasu masana da gangan suke yawaita saurare. Wasu kuwa, masu bin tsarin CBT, wato jinyar gyara tunani da ɗabi'a, aiki suke ba ki ki tafi da shi gida, kamar rubuta tunanin da ke hana ki barci a zo a tattauna. Wataƙila irin wannan kike so, shi kuma bai sani ba.

Tun a farkon zama za ki ɗauko maganar, ba sai kin miƙe kina gyara mayafi ba. Ki ce: "Malam, ina fita nan ba tare da na san abin da zan yi ba. Ina muka dosa, kuma yaushe ya kamata in fara ganin sauyi?" In baki zai yi nauyi, rubuta a takarda ki miƙa masa.

Sai ki lura da amsarsa. Ƙwararre zai saurara, ya bayyana tsarinsa, ya gyara ko ya tura ki wajen wani. In ya hau faɗa, ko ya ɗora miki laifi, kina da 'yancin tafiya. Wanda kuwa ya tona asirinki ko ya nemi wata alaƙa da ke, ba ya buƙatar wani bayani. Ki bar shi, ki kai ƙara wurin shugabannin inda yake aiki.

In kina shan maganin damuwa, kada ki yanke shi lokaci guda don kin bar zaman, sai da sanin likitan da ya rubuta miki. In kuma tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki tafi asibiti a ranar.