Kwana 9 a Maleshiya da Jakar Goyo: Za Mu Iya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana mun shekara biyu da aure, dukkanmu ma'aikata ne, kuma mun daɗe muna adashe don mu leƙa waje ko sau ɗaya ne. Mun samu hutun kwana 9 a watan Fabrairu, mun zaɓi Maleshiya don kada mu sha wahalar neman abincin halal. Kuɗinmu ba na manyan otal ba ne, shi ya sa muke son kowa ya goya jakarsa mu bi motar haya da jirgin ƙasa. Maigida ya rubuta Kuala Lumpur, Malaka, Penang, tsaunukan Cameron, tsibirin Langkawi, in da hali har Singafo. Ni kuwa ina tsoron gajiya, ga hijabi, ga salla a hanya. Yayata ma cewa ta yi wannan yawo ba na matan aure ba ne. Me kika gani?

Mai karatu daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Za ku iya, domin ni da Alhaji mun yi irin wannan tafiyar a ƙasar, kuma har yau in muka tuna sai zance ya yi tsawo. Amma ki karɓi takardar nan ta maigida ku zauna ku soke rabinta.

Kwana 9 ɗin da kike gani ba 9 ba ne. Babu jirgin da zai ɗauke ku daga Najeriya ya dire a Kuala Lumpur kai tsaye, sai kun yada zango a Doha ko Addis Ababa ko Istanbul, zuwa ya ci kusan kwana, dawowa ma haka. Agogonsu yana gaban namu da awa 7, sai ki ga rana tsaka barci na fizgar ki, dare ya raba ido biyu. Abin da zai rage muku na yawo bai wuce kwana 6 ko 7 ba. Singafo ku fara cirewa, don bizarta daban ce, kuma in bizarku ta Maleshiya ta shiga sau ɗaya ce, kun fita kenan. Langkawi da Cameron ma ku bar su sai wani jiƙon. Garuruwa uku sun isa: Kuala Lumpur, Malaka da Penang.

Dalilin da na dage a kan wannan shi ne abin da ya same ni a Malaka a kwana na uku. Na cika jakata da atamfa da leshi da takalma har ƙafa uku, mun sauka daga mota da azahar, ga zafin ƙasar irin mai danshin nan ne da ke jiƙa hijabi tun kafin ki yi taku ɗari. Alhaji yana gaba da taswira a waya, ni ina baya igiyar jaka na yanka mini kafaɗa. Muna isa bakin kogin garin na zauna a kan dakali, hawaye suka zubo mini. Da ya waiwayo bai ce uffan ba, ya dawo ya sauke mini jakar, ya sayo ruwan kwakwa mai sanyi, muka zauna har inuwa ta karkata. A nan ya ciro takardarsa ya soke gari biyu da kansa. Daga ranar ne na fara ganin ƙasar, kafin nan agogo kawai nake gani. Namiji sau da yawa ba ya gane matarsa ta gaji sai ta faɗa, don haka ku yi alkawari tun daga gida: duk wanda ya ce a tsaya, a tsaya, ba musu.

Jakar kowa kada ta wuce kilo 7, wanda shi ne abin da ƙananan jiragen can kamar AirAsia ke barin mutum ya shiga da shi ba ƙarin kuɗi. Dogayen riguna uku marasa nauyi, hijabi biyu na yadi mai shan iska, silifas da takalmin tafiya guda, da ƙaramar lema, don ruwan la'asar ba ya sallama. Shagunan injin wanki suna ko'ina a birane, ki saka kuɗi ki jira. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku.

Maganar salla kuwa, ki kwantar da hankalinki. A tashar mota, a tashar jirgin ƙasa, a manyan kantuna, ki nemi allon da aka rubuta "surau", wato ɗakin salla, na mata daban da wurin alwalarsa. A ciki za ki tarar an rataye telekung, farar rigar salla mai rufe jiki duka, kowa ta ara ta yi salla ta mayar. A tashar TBS, inda ake hawa motar Malaka, wata dattijuwa ta ga ina waige-waigen alƙibla, ta kamo hannuna ta tsayar da ni kusa da ita, bayan sallama ta sumbaci kumatuna, ba mu da kalma ɗaya ta tarayya sai salamu alaikum. A yawancin ɗakunan kwana ki ɗaga kai, akwai kibiya a silin da ke nuna gabas ɗinsu, wadda a can yamma take kallo. Shafi'awa ne, za ki ji liman ya ɗaga murya da alƙunutu a asuba ana ta amin, kada ya ba ki mamaki.

A Kuala Lumpur ku yi kwana biyu. Ku fara da Masjid Jamek, wanda aka buɗe a 1909 a daidai mahaɗar kogin Klang da Gombak, inda garin ya samo sunansa. Ku ware rabin yini don gidan tarihin fasahar Musulunci da ke kusa da Masjid Negara, wato babban masallacin ƙasa, ɗakin tsofaffin Alƙur'anai na rubutun hannu kaɗai ya isa a biya kuɗin shiga. Tagwayen benen Petronas, mai hawa 88 da tsayin mita 452, kallonsa daga lambun da ke ƙasa da dare kyauta ne. Kogon Batu wurin bautar mabiya Hindu ne mai matakala 272, ga birai masu fizge leda, in kun ga zuwa bai kwanta muku ba, babu abin da kuka rasa.

Malaka awa biyu ce a mota, kwana ɗaya ya wadatar. Daular Musulunci ce mai tashar jiragen ruwa har Turawan Fotugal suka ci ta a 1511, mutanen Holan suka ƙwace a 1641, daga baya Ingila ta karɓa. Ku shiga masallacin Kampung Kling ku ga hasumiyarsa mai kama da ginin Sinawa.

Sauran kwanakin ku ba Penang. Jirgin ƙasa na ETS daga tashar KL Sentral ta Kuala Lumpur zuwa garin Butterworth kimanin awa 4 ne, sai jirgin fito ya tsallaka da ku George Town, babban birnin Penang. Ki riƙe mayafi mai kauri a hannu, sanyin cikin jirgin ƙasan ya fi na hunturu. A can ne na fi son safiya: bayan asuba a masallacin Kapitan Keling, wanda Musulmin Indiya suka kafa a 1801, mu zauna a shagon mamak, wato gidan abincin Musulmin Indiya, Alhaji da gurasar roti canai yana dangwala miyar wake, ni da ƙunshin nasi lemak a ganyen ayaba. In kin buɗe, tururin shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa ya fara dukan hancinki, gefe ga soyayyar gyaɗa, ƙananan kifi, rabin ƙwai da jan yajin sambal mai ɗan zaƙi. Mai shayi kuma yana ta sheƙa teh tarik, shayinsu mai madara, daga kofi zuwa kofi, sak mai shayin bakin tasha. Sai dai ba kowane shago ne halal ba, musamman a Penang inda Sinawa ke da yawa. Ki duba tambarin halal na hukumar JAKIM, ko ki ci inda kika ga mata masu ɗankwali suna ci.

A masauki mai araha ku nemi ɗaki na ku biyu, kada ku karɓi gado a ɗakin taro, wasu maza da mata ake haɗawa. Ku tafi da takardar shaidar aurenku, domin dokar can tana hukunta Musulmi namiji da mace da suka keɓe ba aure, kuma takarda ce ke raba gardama. Biza ku nema da wuri, katin rigakafin shawara dole ne, sannan akwai katin isowa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin sauka. Ku duba ranar sabuwar shekarar Sinawa, tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da 20 ga Fabrairu, lokacin tikitin mota da na jirgi ƙarewa yake tun da sauran makonni. Kuma don Allah kada ku karɓi saƙon kowa a rufe, ko na ɗalibi ne ɗan unguwa. Hukuncin safarar ƙwaya a ƙasar yana iya kaiwa ga kisa. Duk abin da za ku kai wa wani, ku buɗe shi a gaban mai shi.

Ita kuma Yaya, kada ki yi jayayya da ita, tsoro ne irin na wanda ya raine ki. Ki nuna mata cewa da mijinki za ki, ki ba ta sunan masaukin kowane gari, ki riƙa kiran ta da la'asar ɗinku, lokacin ita hantsi ne. Ranar da za ku dawo ku bi ta layin Masjid India a Kuala Lumpur, inda 'yan yadi suke, ki zaɓo mata telekung mai aikin zare a baki. Ba ta da nauyi, za ta shiga jakar.