McDavid a kakar 2014-15: me ya sa ba shi ya fi maki ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya wai idan Connor McDavid ya kai yadda ake zuzuta shi, ya aka yi Dylan Strome ya fi shi maki a gasar OHL ta matasan hokin ƙanƙara a kakar 2014-15. To ai ba yawan wasa ɗaya suka buga ba. Dukkansu a ƙungiyar Erie Otters suke, Strome ya samu maki 129 a wasa 68, shi kuwa McDavid 120 a wasa 47 kacal, saboda a Nuwamban 2014 ya karya hannu garin faɗa a cikin fili, daga nan kuma ya tafi ya buga wa Kanada gasar matasa ta duniya har suka ci zinare. Raba makin da wasannin, za ka ga McDavid yana samun maki sama da biyu da rabi kowane wasa, wallahi abin ban mamaki ne.

Inda mutane ke kuskure, suna ɗauka maki ƙwallaye ne kawai, alhali har taimakawa wajen ci ana lissafawa. Kuma Erie ba ta ɗauki kofi ba fa, Oshawa Generals ta doke ta a wasan ƙarshe.

In cikakken lissafi kake so, duba shafin OHL. Batun auna ɗan wasa kuwa, masu farautar 'yan wasa na NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, sun fi mu sani.