Waye wannan Heisman da ake ba da kofi da sunansa?

Tambaya: Salam Malam, ina bin ƙwallon Amurka ta jami'o'i a intanet, duk Disamba sai in ji an ba wani ɗalibi kofin Heisman. Shi Heisman ɗin gwarzon ɗan wasa ne da ba a taɓa yin irinsa ba ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya a'a ɗan'uwa, John Heisman ya buga wasa amma ba wasan ne ya fito da sunansa ba, koyarwa ce. An haife shi a Cleveland cikin jihar Ohio a 1869, ya taso a Titusville ta jihar Pennsylvania, babansa Bajamushe ne mai sana'ar ƙera ganga ta katako. Ya buga wa jami'ar Brown, daga baya ya koma jami'ar Pennsylvania inda ya gama karatun lauya a 1892, kuma a sahun gaba yake tsayawa wajen ture-ture duk da jikinsa ba wani jiki ba ne, kilo 70 da ɗan wani abu.

Bai zauna a aikin lauya ba. A 1892 ɗin ya karɓi ƙungiyar kwalejin Oberlin, daga nan Buchtel, Auburn, Clemson, sai Georgia Tech inda ya yi daga 1904 zuwa 1919, ya ci kofin ƙasa a 1917.

To abin da ni nake girmama shi a kai shi ne maganar jefa ƙwallo gaba. Ka san a da haramun ne, sai dai a rungume ƙwallo a dunƙule wuri ɗaya a yi ta turmushe juna kamar raguna suna karo, ga babu hular kwano ta kirki, har a 1905 kaɗai aƙalla mutum 18 suka mutu a wasan, abin ya kai shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton fadar White House. Heisman yana cikin waɗanda suka daɗe suna nacin a halatta jifan gaba don 'yan wasa su watsu a fili a rage cunkoso, kuma a 1906 aka halatta. Duk jifan da kake gani yana burge ka yau daga can ya samo asali. Ana kuma danganta masa miƙa ƙwallo kai tsaye daga ɗan tsakiya zuwa na baya, da goyon bayan raba wasa gida huɗu maimakon biyu.

Amma fa ba zan wanke shi tas ba. Ranar 7 ga Oktoba 1916 Georgia Tech ta lallasa kwalejin Cumberland da maki 222 da nema, har yau ba a karya wannan tarihin ba. Cumberland ta riga ta rushe ƙungiyarta, Heisman ya ce ko su zo ko su biya dala 3,000 bisa yarjejeniya, sai suka tattaro ɗalibai suka zo. Ana cewa fansa ya ɗauka don sun ci ƙungiyarsa ta wasan sanda da ƙwallo (baseball) 22 da nema, wai da 'yan wasan haya. Ko ma mene ne, ni a ganina bai kyauta wa yaran nan ba.

Shi kuma kofin, bayan ya bar koyarwa a jami'ar Rice a 1927 ya zama daraktan wasanni na Downtown Athletic Club a New York, kulob ɗin ne ya fara ba da kyautar a 1935, Jay Berwanger na jami'ar Chicago ya fara ɗauka, lokacin ma sunan kulob ɗin take ɗauke da shi. Heisman ya rasu ranar 3 ga Oktoba 1936 sanadin ciwon huhu, sai suka maida mata sunansa a shekarar.