Zan bar sari in koma gina shaguna da ofisoshin haya: me ke gabana?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kaya a sari ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe a harkar, Allah ya sa mata albarka, har ya tara abin da zai iya sayen fili babba a bakin hanya. Yana sha'awar rayuwar mutanen nan da ke gina rukunin shaguna da ofisoshi da sito-sito su ba da haya ko su sayar. Yana so ya san yadda sana'ar take, da kuma ko ya kwashe jarinsa ya koma can gaba ɗaya.

Alhaji, na gode da tambayar. Abu na farko da zan faɗa maka shi ne, mai wannan sana'a ba magini ba ne. Akwai mai zane, akwai injiniya, akwai ɗan kwangila, kowa da aikinsa. Shi nasa aikin haɗa abubuwa biyar ne da ba sa son haɗuwa a lokaci guda: fili mai takardu tsaf, izinin hukuma, kuɗi, masu gini, da 'yan haya. Ranakunsa a ofishin lauya da na banki da na hukumar tsara birni suke ƙarewa, fiye da wurin aikin kansa. Kuma shi ne wanda ake biya daga ƙarshe. Leburan da ya ɗauki bulo yana karɓar haƙƙinsa da yamma, ɗan kwangila yana karɓa kashi-kashi, banki yana cire kuɗin ruwansa kowane wata, shi kuwa sai bayan shekara uku ko biyar zai san ko ya ci riba.

Nan ne babban bambancinsa da abin da ka saba. Kuɗinka na sari yana juyawa sau da yawa a shekara. Kaya suka ƙi tafiya, ka karya farashi ka fitar da uwar kuɗinka cikin mako biyu. Ginin da ya tsaya a rabi ba ya karyuwa haka. Kango ne mai rodi a waje, ruwan sama na dukansa, mai gadi na jiran albashi, bashi kuma na ƙaruwa ko da dare.

Ga lissafin da duk harkar ta tsayu a kai. A ce fili da gini da komai sun ci 100, ka sa 35 daga aljihunka, banki ya ba ka 65. Hayar shekara, bayan an cire gyara da haraji da inshora da watannin da wasu shaguna za su zauna babu kowa, ta kama 10. Idan masu sayen irin wannan gini sun gamsu da ribar kashi 8 cikin 100 a shekara, darajar gininka ta zama 125, domin 10 ita ce kashi 8 cikin 100 na 125. Ka biya banki, 35 ɗinka ta koma 60. To juya shi. Siminti da ƙarfe sun tashi, aikin ya ci 110, ƙarin goman kai ka cika. Haya ta sauka zuwa 8, masu saye kuma suka ce sai kashi 10. Darajar ginin yanzu 80 ce. Banki ya ɗauki 65 ɗinsa cif, kai da ka zuba 45 ka tashi da 15. Ginin bai tsage ba, fentinsa ma bai dusashe ba, amma kashi biyu cikin uku na dukiyarka sun tafi. Bashi ne ya ninka ribar a lissafin farko, shi ne kuma ya ninka asarar a na biyu.

Labarin da nake so ka riƙe shi ne na iyalan Reichmann na Toronto a Kanada, domin su ma 'yan kasuwa ne irinka. Tayil suke shigowa da shi suna sayarwa. Da suka buƙaci sito, sai Paul Reichmann ya ɗauki ragamar ginin da kansa, ya gama shi a kan kuɗin da bai kai abin da 'yan kwangila suka nema ba. Daga nan kamfaninsu Olympia & York ya samo asali. A 1977, lokacin da birnin New York ke fama da matsin kuɗi kowa na gudu, suka sayi dogayen benaye takwas a Manhattan a kan kusan dala miliyan 320, kuma cikin 'yan shekaru darajarsu ta ninka sau da dama. Sai suka shiga aikin gina rukunin ofisoshi na Canary Wharf a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Landan a 1987. Dogon benen One Canada Square ya kammala a 1991, daidai lokacin da tattalin arzikin Birtaniya ya shiga koma-baya, ofisoshi suka yi yawa a kasuwa, ga shi layin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da ake sa ran zai kai ma'aikata wurin bai iso ba. A watan Mayun 1992 kamfanin ya durƙushe da bashin kusan dala biliyan 20. Layin jirgin nan, mai suna Jubilee, bai kai can ba sai 1999. Yau Canary Wharf na cikin manyan cibiyoyin hada-hadar kuɗi na duniya, wato hangen Paul daidai ne. Numfashin kuɗinsa ne bai kai lokacin da hangen zai tabbata ba. Ya dawo cikin aikin a 1995 tare da wasu masu zuba jari, amma dukiyar iyalin ta riga ta yi mummunan rauni.

Ba shi kaɗai ba ne. William Zeckendorf, wanda ya harhaɗa filin da hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya ke kai a New York, kamfaninsa ya karye a 1965 saboda yawan bashi. Benen Empire State na New York da aka buɗe a 1931 ya yi shekaru galibin hawansa babu 'yan haya.

Waɗanda suka daɗe a sana'ar kuwa, da ƙanana suka fara, kuma da ɗan haya a hannu. Trammell Crow, akanta ne a Dallas ta Amurka, ya gina sitonsa na farko a 1948 domin kamfanin batir na Ray-O-Vac, ya ba wasu hayar sauran wurin. Gerald Hines injiniya ne da ya kafa kamfaninsa a Houston a 1957 da ƙananan sito da ofisoshi. Sai da ya haura shekara goma kafin ya buɗe katafariyar kasuwar Galleria a 1970, babban kanti na Neiman Marcus na jan masu saye, sannan benen One Shell Plaza a 1971, kamfanin Shell na ciki a matsayin babban ɗan haya.

Saboda haka amsata ita ce kada ka bar sari. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma sarin nan shi zai ciyar da gidanka ya biya kuɗin ruwa a shekarun da ginin bai fara kawo komai ba. Banki ma ya fi sakin jiki da mai cinikin da ke shiga asusu kullum. Ware wa ginin kamfani nasa daban da asusunsa daban, kada ka jinginar da gidan da iyalinka ke ciki, kuma ka yi iya ƙoƙarinka kada ka sa hannu cewa kai da kanka ka tsaya wa dukan bashin.

Kana da abin da injiniya da lauya ba su da shi: ka san 'yan kasuwa. Ka san wanda ke neman wurin sauke kaya, ka san faɗin ƙofar da babbar mota ke buƙata, ka san shagon sama ba ya samun ciniki irin na ƙasa. Fara da abin da ka sani, sito ko ɗan rukunin shaguna, wanda kai kanka za ka iya cika wani ɓangarensa idan abu ya yi tsami. Kafin ka haƙa harsashi, ka samu yarjejeniyar haya a rubuce ta aƙalla rabin wurin. "In ka gama zan kama" ba yarjejeniya ba ce, sai da sa hannu da kafin alƙalami.

Fili kuma kada ka biya shi duka sai lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya binciki asalin takardunsa, hukuma kuma ta tabbatar an yarda a yi ginin kasuwanci a wurin. In mai filin zai yarda, ku yi haɗin gwiwa: shi ya sa fili, kai ka sa kuɗi, a rubuta kason kowa da yadda za a rabu idan an saɓa. Ka ajiye kashi 10 zuwa 15 na kuɗin aikin a gefe domin abin da ba a zata ba. Bashin da wa'adinsa shekara biyu ne kuwa, kada ka ɗora shi a kan ginin da sai ya shekara goma zai mayar da kuɗinsa.

Ka zauna da akantanka ku yi lissafin nan na biyu da alƙalumanka na gaskiya: aikin ya ƙara kashi 10, ya makara da shekara guda, haya ta ragu da kashi 20. Idan sarinka zai iya ɗaukar nauyin bashin a wannan hali ba tare da ka rage kayan da kake sarowa ba, ka shiga. Idan ba zai iya ba, ka rage girman ginin ko ka nemi abokin tarayya, sannan ku sake lissafin.