Alhaji, Kotun Teku Ba Ta Karɓar Ƙarar Ɗan Kasuwa

Alhaji, na karanta wasiƙarka. A yadda na fahimta, daga nan Maraɗi ka zuba kuɗi a jirgin kamun kifi na wani abokin cinikinka da ke bakin teku, sai sojojin ruwan ƙasar da ke maƙwabtaka da su suka kama jirgin a yankin da ƙasashen biyu ke jayayya a kansa. Yanzu kana son kai su kotun teku. Ban ga takardunku ba, saboda haka maganata tana iya sauyawa in na gani.

Ka yi haƙuri, ba ka da hurumin shigar da wannan ƙara. Kotun Duniya da ke Hague ƙasashe kaɗai take saurare. Kotun dokar teku ta Hamburg kuwa, a batun sakin jirgin da aka tsare, ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta ce mai baki, ko wanda ta wakilta. Ina zaton ba tutar Nijar ce a jirgin nan ba.

Su ma gwamnatocin ba kasafai suke garzayawa kotu ba. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982, a sashe na 287, ta ba kowace ƙasa zaɓi: Hamburg, ko Hague, ko kwamitin alƙalan da ɓangarorin ke naɗawa. In zaɓinsu bai zo ɗaya ba, kwamitin ne. Sashe na 298 kuma ya yarje wa ƙasa ta ce kada a tilasta mata shari'a a kan iyakar ruwanta. To in ɗayansu ta riga ta faɗi haka, sai dai zaman sulhu, irin wanda Ostareliya da Timor ta Gabas suka kammala a 2018.

Ko an je kotun, dubi Bakassi, yankin bakin teku da Kamaru da Nijeriya suka yi jayayya a kansa. Kamaru ta shigar da ƙara a 1994, aka yanke hukunci a 2002, sai da aka sake zama aka ƙulla yarjejeniyar Greentree a 2006, miƙa yankin bai kammala ba sai 2008. Shekara 14 ke nan. Jirgin da ke ɗaure a ruwan gishiri, tsatsa ba za ta jira shi haka ba. A 2021 ma Kenya cewa ta yi ba ta yarda da hukuncin da aka yanke tsakaninta da Somaliya ba. Shi ya sa wasu ke ajiye maganar iyaka su raba arziki, kamar Nijeriya da Sao Tome a 2001: kashi 60 da kashi 40.

Abin da ya shafe ka bai kai nan ba. Galibi ana sakin jirgi da ma'aikatansa in an ajiye belin da ya dace, ba sai an shata iyaka ba. Wanda sunansa ke kan rajistar jirgin shi zai nema, ta hannun lauya a ƙasar da ta kama.

Nan ne abokin naka ke ba ni mamaki. Wata uku, sai saƙon murya ta WhatsApp, babu takardar kamu, babu rajista? Ka nemi kwafinsu a rubuce. Sannan mu duba ko kai mai hannun jari ne ko mai bin bashi, don haƙƙinsu ba ɗaya ba ne. In bashi ne, mai yiwuwa kamun jirgin bai sauke masa nauyin biya ba. Kafin a kai ga sammaci, ku zauna gaban dattawan kasuwar da suka haɗa ku, a rubuta abin da aka cimma, shaidu su sa hannu.